Gonar maraya tana jiran iri

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Imamu Bukhari ya ruwaito daga Sahlu bin Sa'ad cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗaga manuniya da yatsan tsakiya, ya ɗan raba su kaɗan, ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna. Duk mun haddace hadisin. Abin da muke tsallakewa shi ne kalmar da ya yi amfani da ita, wato kafil, wanda ya ɗauki cin yaro da suturarsa da lafiyarsa da tarbiyyarsa, yau da gobe, har ya kawo ƙarfi. Shi kansa Annabi haka aka riƙe shi. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ciki, mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi har ya kai shekara 8, sannan baffansa Abu Ɗalib ya karɓa bai sake shi ba.

To mu duba yadda muke yi. Ana makoki gida ya cika, kowa na cewa yaran nan namu ne. Bayan wata biyu ƙafa ta ɗauke. Ruwan farko ya sauka, maƙwabta sun fita shuka, gonar mamaci tana nan kwance, babu iri, babu taki, babu mai riƙe fartanya. Uwar yara tana takaba, babban ɗan bai wuce shekara goma ba. Damina kuwa ba ta jiran mai makoki. Idan aka rasa makonnin shuka an rasa abincin shekara, daga nan sai bashi, sai jinginar da gonar, sai a cire yaro daga makaranta a tura shi neman abin kaiwa baki. Wani lokacin ma, abin da ya fi ƙona min rai, ɗan'uwan mamacin ne zai ce bari ya noma musu, shekara ta juyo gona ta zama tasa. Ya ɗan'uwana, karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i. Allah ya ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke cusawa a cikkunansu. Kadada ɗaya ma dukiya ce.

Sayyidina Umar (RA), kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya yi umarni a juya dukiyar marayu da kasuwanci don kada zakka ta cinye ta. Ashe ajiye musu kawai bai wadatar ba, ana son ta haɓaka. Gonar maraya ma haka take. Mutum biyar su haɗu, wannan ya kawo iri, wannan taki, sauran su ba da yini ɗaya na noma, a rubuta abin da aka kashe da abin da aka girbe a gaban shaidu. Idan yaron ya balaga aka ga hankalinsa, a miƙa masa kayansa kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta faɗa. Kuma ladan bai tsaya nan ba, domin Anas (RA) ya ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, an rubuta masa sadaka.

Akwai kuma taimakon da ake yi tun kafin a kira yaro maraya. Ajali na Allah ne, babu mai ja, amma an umarce mu da riƙo da sababi. A karkara sau da yawa abin da ke tsakanin mara lafiya da asibiti nisa ne da rashin abin hawa. Mai naƙuda jini ya ɓalle mata da dare, ko magidanci zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi ana cewa zai wuce. Asusun da jama'a suka tara don kai mara lafiya asibiti cikin gaggawa, gidan sauro ga mai ciki, gyaran rijiyar da ta lalace, duk suna cikin kula da marayu. Gudawa tana kashe ƙananan yara ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsu, alhali lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri tana riƙe yaro kafin a isa wurin ma'aikacin lafiya. Koya wa uwa ɗaya wannan, ka ga ko ba sadaka ba ce.

Ina roƙon masu ƙungiyoyin taimako, don girman Allah, ku daina jera marayu kuna ɗaukar su hoto da kayan tallafi a hannu. Suratud Duha ta hana a ƙasƙantar da maraya, kuma yaron nan zai girma ya ga hotonsa.

Kafin ruwa ya sauka, ka tuna gidan da aka yi rashi a kusa da kai bana. Ka je ka yi sallama, ka tambayi uwar yaran wa zai shuka musu gonar.