Masu amalanken yaƙin basasar Amurka da fanshon da ya tsallake su

A ganina, cikin duk waɗanda yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, ya ci ƙarfinsu, kaɗan ne aka yi wa rashin adalci irin wanda aka yi wa masu jan amalanken guzuri. Lokacin da Janar Grant, babban kwamandan sojan Arewa, ya ƙara kutsawa cikin jihar Virginia ta 'yan Kudu a watan Mayun 1864, amalanke fiye da 4,000 ne ke bin rundunarsa, ɗauke da abinci da albarusai da abincin dabbobi, kuma da sun yi kwana uku ba su iso ba, da yunwa ta tarwatsa sojan kafin abokan gaba su taɓa su.

Aikin kansa ba na rago ba ne. Alfadarai shida ke jan amalanke guda, mai tuƙin kuwa yana kan sirdin alfadarin hagu na kusa da ƙafar amalanken, da igiya ɗaya tak a hannunsa wadda ta kai ga dabbar da ke gaba, sauran umarnin duk da murya yake bayar da shi. Dabbobin nan shida na cin kusan kilo 60 na hatsi da ciyawa a kullum, saboda haka idan tafiya ta yi nisa, kayan da ya ɗauko sai su koma rabi na soja rabi na alfadarai. Idan sansani ya yi barci shi yana ciyar da su, yana duba gyambon da kayan ɗauri suka yi musu a kafaɗa. A watan Janairun 1863, ruwan sama ya mayar da hanyoyin Virginia taɓo har alfadaran rundunar Janar Burnside na Arewa suka riƙa nutsewa suna mutuwa a ɗaure.

Masu cewa ai ba su riƙe bindiga ba, ya kamata su tuna abin da ya faru a Williamsport, wani gari a bakin kogin Potomac. Bayan yaƙin Gettysburg a watan Yulin 1863, ayarin amalanken 'yan Kudu mai tsawon mil 17, cike da raunanannu, ya tarar kogin Potomac ya cika ya batse. Janar Imboden, wanda ke jagorantar ayarin, ya raba wa masu tuƙin bindigogi, suka tsaya tare da sojansa har aka kori mahayan Arewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan yaƙin. Dokar fansho ta 1890 ta amfani duk sojan Arewa da ya yi kwana 90 a bakin aiki, aka sallame shi cikin mutunci, sannan ƙarfinsa ya kasa. Amma da yawa daga masu amalanke 'yan ƙwadago ne da sashen kula da kayan soja ya ɗauka haya, cikinsu har da baƙaƙen fata masu yawa da suka gudo daga bauta. Sunansu ba ya cikin rajistar soja, don haka dokar ta tsallake su. Mutum biyu sun bi hanya ɗaya, sanyi ɗaya ya kama musu gwiwa, amma da tsufa ya zo, wanda ya yi rantsuwar soja ne kaɗai gwamnati ta san da shi.