Fushin mai raunin fahimta: abin da Damagaram ta fi Ingila

Nan Ingila, tun 2016 hukumar lafiya ke yaƙi da ɗura wa masu raunin fahimta maganin taɓin hankali don kawai su yi shiru. Suna da hujja: binciken likitan ƙwaƙwalwa Peter Tyrer na 2008 ya nuna magungunan haloperidol da risperidone ba su fi ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta, rage faɗa ba ga wanda ba shi da ciwon hauka na ainihi. A Damagaram kuwa, sau da yawa in yaro ya fara fashe-fashe, allura ce ko ɗauri. Zai lafa, jiki a sandare, yawu na zuba, amma bai koyi komai ba.

Riƙe zuciya koyar da shi ake yi. Wata ƙwararriya, Julie Brown ta Amurka, ta tsara ma'aunin fushi daga 0 zuwa 5, kuma yatsun hannu sun isa. Ana koyarwa lokacin da yaron yake cikin natsuwa, kamar minti goma kullum, da kalmomi iri ɗaya. In ya haura 3, a bar nasiha, "yi haƙuri" ba ta shiga kunne a lokacin. Abu biyu kawai: ya wanke fuska da ruwan randa mai sanyi, ya ja numfashi ya sake shi a hankali kamar mai hura kunu, fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Kar a tambaye shi "ka gane?", don "i" zai ce ga komai. A sa shi ya yi a gani.

Kafin nan a duba haƙori, kunne da cushewar ciki, wanda maganin taɓin hankali Largactil kansa ke jawowa. Wanda bai iya faɗin ciwo ba, da duka yake faɗa. Mai farfaɗiya ko ciwon hauka kuwa, kar a tsayar masa da magani sai da likita.

Ingila na da katunan hoto da ƙwararru, sai dai ma'aikatan kula canzawa suke yi, kowane da nasa salo, darasin ya watse. Mu muna da mai jinya, uwa ko kaka da ke kwana bisa tabarma gefen gado, ta kuma koma gida tare da shi. A ganina ita ya kamata malaman asibiti su fara koya wa, kafin sallama. Matsalarmu gidan yawa ne: in ya yi ihu kaka ta miƙa masa abin da yake so, kawu kuma ya ɗauko bulala, ihun zai ƙaru. Dole a tara mutanen gida su tsaya kan magana ɗaya.