Jakar tana kabad, makullin yana gidan Metiron

Wajen ƙarfe biyun dare ƙanwata ta sauka a wani asibitin gwamnati da ke garinmu. Namiji, wata tara cif, amma bai yi kuka ba. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga leɓensa ya yi baƙi, hannuwansa sun saki kamar tsumma. Yarinyar da ke aikin dare, ita kaɗai a ɗakin haihuwa, ta ɗaga shi ta ƙafa tana bubbuga bayansa, jikinta sai ɓari yake. Na ce, "Sista, ba ku da jakar robar nan da ake matsawa a hura wa jariri iska?" Ta ce, "Hajiya, akwai, amma tana kabad, Metiron ta tafi gida da makullin." Ta sunkuyar da kai ta ce ko an buɗe ma, ba wanda ya taɓa kama hannunta ya nuna mata.

Tukunyar oksijin wayam. Injin da ke tace iska sai da wuta, an ɗauke, janareto babu mai. Muka naɗe yaron a zani muka faɗa a-daidaita-sahu. Kafin mu isa babban asibiti rai ya yi halinsa.

Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma wallahi ba zan rufe bakina a kan sakaci ba. Kuma ban ga laifin yarinyar nan ba, har bakin titi ta biyo mu tana hawaye. Laifin yana wuyan masu raba sunayen zuwa bita. Duk sanda aka kira horo a otal, manyan da rabonsu da karɓar haihuwa an yi shekaru su ne a sahun gaba, saboda alawus. Su dawo da satifiket su rataye a ofis. Wadda za ta kwana da mai naƙuda fa? Oho!

Abin da ke ƙona min rai, ba wani ilimi ne mai nisa ba. A goge jariri, a ɗumama shi, idan bai numfasa ba a sa masa jakar nan kafin minti ɗaya ya cika. Tun 2010 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da abokan aikinta suka fito da wannan horo, ana gwaji da 'yar tsana. A asibitoci 8 na Tanzaniya da aka koyar da ungozomomi, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Su ba mutane ba ne kamarmu?

Masu shirya bita, ku je asibitin ku koyar da masu aikin dare a inda suke, ku riƙa maimaita musu, ku ajiye jakar a gefen gadon haihuwa. Ƙanwata har yau ruwan nono na jiƙa mata riga, kayan jaririn kuma na ɗaure su na kai ɗakina don kada ta gani.