Famfon da ya mutu ba ya jiran Kotun Ƙoli

Makon jiya na je ƙauyenmu ta'aziyyar wani dattijo, sai na tarar an kafa rumfuna a bakin gari, an jera fararen kujerun roba, makaɗa suna ta gwada ganguna tun hantsi. Ashe shugaban ƙaramar hukuma ne zai zo ƙaddamar da sabuwar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda aka ɗora mata tanki a kan dogayen ƙarafa, aka shafe shi da fenti mai launin tutar jam'iyya. Daga inda nake tsaye ina hango famfon tuƙa-tuƙa na bakin makarantar firamare, wanda damina biyu ke nan rabonsa da kawo ruwa, har wani ya mayar da hannunsa turken ɗaure akuya. Famfuna huɗu ne a garin, uku sun mutu. Da maroƙi ya gama kirari aka miƙa wa shugaban lasifika, sai ya ce jama'a su ƙara haƙuri, da zarar kuɗin ƙananan hukumomi sun fara zuwa kai tsaye daga Abuja, babu matsalar da za ta saura a ƙauyen nan. Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa.

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai, domin ta zama waƙar da kowane shugaban ƙaramar hukuma ya haddace. Tun ranar 11 ga Yulin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ta bakin Mai shari'a Emmanuel Agim a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin naɗa kantoma a kujerar da ta kamata a zaɓa, aka samu sabuwar inuwar fakewa. Duk abin da ya lalace, amsarsa ɗaya ce: ba a sakar mana mara ba tukuna. Masu sharhi a rediyo da 'yan ƙungiyoyi su ma sun ɗauki wannan karatu, suna nuna kamar ranar da kuɗin suka sauka a asusun shugaba, ranar ce ruwa zai ɓulɓulo a kowace unguwa.

Ba na wanke gwamnoni. Kowa ya san abin da aka yi da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma kowa ya ga yadda aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, har jihar Anambra ta yi wata doka a cikin watannin da suka biyo baya domin kuɗin su ci gaba da bi ta hannun jiha. Wannan faɗa ne na manya, kuma ya kamata a yi shi har ƙarshe. Abin da nake musu a kai shi ne a ce wai shi ya kashe famfon bakin makarantarmu.

Na je na tambayi mutumin da ya saba gyaran irin waɗannan famfuna, wanda ke zaune a garin kasuwa da ke kusa da mu. Ya ce a wancan na makaranta, robobin cikin silinda ne suka cinye, shi ya sa ko an tuƙa ba ya riƙe ruwa. Na bayan masallacin Juma'a kuwa sandar ƙarfen da ke haɗa hannu da silinda ce ta kwance ta faɗa ciki, na uku kuma sarƙar kansa ce ta tsinke. Aikin bai wuce a samu majiya ƙarfi huɗu ko biyar su zaro bututan ɗaya bayan ɗaya, a sauya abin da ya lalace, a mayar ba. Da ya faɗi abin da zai ci gaba ɗaya, har da ladan aikinsa da man babur ɗinsa, sai na ga bai kai abin da aka kashe wajen hayar rumfuna da kujeru da sallamar makaɗa a wannan rana guda ba. Gwaggona, wadda jikokinta mata ke tafiya tun asuba da jarkoki a ka, ta ce mini: "Ɗan nan, mu ba sabo muka roƙa ba. Na ƙofar gida suka bari ya mutu, suka je suka haƙa wani a bakin titi inda masu wucewa za su gani."

Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta gano bakin zaren da masu digiri ke ta kewayawa. Sabon aiki yana da kwangila, kwangila tana da kaso, tana da allo mai ɗauke da sunan shugaba da manyan baƙaƙe, tana da hoton da 'yan koren Facebook za su yi kwana uku suna yaɗawa. Gyara ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu wanda zai kira makaɗa saboda an sauya roba a cikin rijiya, kuma kuɗin sun yi ƙanƙantar da ba za a iya gutsurar komai a ciki ba. Shi ya sa ƙauyukanmu suka cika da gawarwakin ayyuka: tankin da ya tsage, fitilar titi mai hasken rana da batirinta ya mutu tun shekarar farko, ɗakin shan magani da jemagu suka gaje silinsa, ajin da iskar farkon damina ta yaye wa kwano aka bar yara a gindin darbejiya. Wanda ya saba da wannan hali yana da naira goma, idan aka ba shi naira ɗari, allunan ne za su ƙaru, gawarwakin ma su ƙaru.

Duk mai shakka ya buɗe Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki ya karanta ayyukan da aka ɗora wa ƙaramar hukuma. Babu gadar sama a ciki, babu filin jirgi. Abin da ke ciki shi ne kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da bandakunan jama'a, gina hanyoyi da magudanan ruwa tare da kula da su, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna, har da ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, sannan sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya da noma. Aiki ne na kullum, mai gundura, irin na matar gida mai share tsakar gida kowace safiya ba tare da kowa ya yaba mata ba. Abin lura kuma shi ne, akwai ɓangare guda na wannan jadawali da ba a taɓa jiran Kotun Ƙoli a kansa ba, wato karɓa. Duk ranar kasuwa ma'aikatan haraji suna nan tun kafin rana ta ɗaga, da littafin rasit a hammata, suna bin mai rumfa da mai tebur da mai buhun gero da wanda ya kawo tunkiya kara. Wannan kuɗin ba ya bi ta Abuja, ba ya bi ta gidan gwamnati. To, a ina yake tsayawa, har lambatun kasuwar da aka karɓe shi a cikinta ya toshe, mahauta suna yanka a kan ƙasa?

Akwai wani kwalbati a hanyar burjin da ta haɗa mu da titin kwalta. Ina yaro, duk ƙarshen bazara leburorin hanya kan zo da shebur da diga su kwashe yashin da ya cike bakinsa, su sassare ciyawa, su cike ramuka da jar ƙasa. Aikin yini biyu ne. Da aka daina zuwa, sai yashi da ledoji suka toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya riƙa bi ta samansa, yana cin gefe kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, kowa yana gani yana wucewa, har a watan Agustan bara ya rufta. Yanzu motar ɗaukar amfanin gona ba ta shiga garin, sai a yi dakon buhuna a amalanken shanu zuwa ƙetare, manomi ya biya kuɗin dako sau biyu, ɗan kasuwa kuma ya rage farashi saboda ya san mai hatsi ba shi da zaɓi. Ina da tabbacin wata rana za a gina sabo, za a kafa masa allo, za a kira makaɗa, kuma babu wanda zai tambayi dalilin da ya sa aikin shebur biyu ya koma aikin miliyoyi.

Dattawa kan ce a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ba haka abin yake ba, kuma a nan suna da gaskiya rabi. Akwai duba-gari mai leƙa randa da masai, akwai leburan hanya na dindindin, akwai mai unguwa da dagaci da ke kai rahoton rijiyar da ta rufta gaban hakimi a cikin mako. Ba ni cikin masu begen wancan zamani, domin da bulala da ɗauri aka riƙe shi, kuma da babu zalunci a ciki da Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU ba su sha abin da suka sha ba. Daidai ne da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a 1979. Amma akwai abin da ya tafi tare da wancan tsari wanda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da duk abin da ya biyo bayansa ba su maye gurbinsa ba, wato mutum guda da aka sani da sunansa, wanda idan hanya ta lalace shi za a kama. Yau ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, amma ka je sakatariya ranar Talata a tsakiyar wata ka nemi wanda ke da alhakin famfunan mazaɓa guda. Za ka tarar da masinja yana gyangyaɗi a benci, ofisoshi a kulle, a ce maka shugaba yana babban birnin jiha, inda dama can iyalinsa suke.

Su kuma kansiloli, waɗanda su ne majalisar da ya kamata ta zauna ta tattauna irin waɗannan ƙananan al'amura, ta amince da kasafi, ta tambayi shugaban sashen ayyuka abin da ya yi da kuɗin gyara, wa ya taɓa jin ranar zamansu? Wa ya taɓa ganin takardar abin da suka zartar an manna a jikin bango? Ba abin mamaki ba ne idan aka duba yadda suke hawa kujerun. A zaɓukan da aka yi bayan hukuncin kotu, jam'iyya mai mulki a Kano a lokacin ta kwashe shugabanni 44 cif, ta Kaduna ta kwashe 23, ta Katsina ta kwashe 34, jam'iyyu daban-daban amma hali ɗaya. Wanda ya san ba ƙuri'ar Gwaggo ce ta ɗora shi ba, me zai sa famfon Gwaggo ya hana shi barci?

Masu cewa a rushe ƙananan hukumomi gaba ɗaya a bar wa jihohi, ban ga abin tsayawa yi musu dogon bayani ba, domin wanda ya kasa ganin kwalbati daga sakatariya ba zai hango shi daga gidan gwamnati ba. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu wa'azin taimakon kai da kai daga cikin ofis mai sanyi, masu cewa mutanen ƙauye su daina jiran gwamnati su yi aikin gayya. Su waye suke haƙa kabari, suke yashe rijiya, suke yaɓen katangar makaranta, suke karo-karo su sayi man injin ɗakin haihuwa? Famfo na huɗu da ya rage da rai a garinmu, kuɗin da mata ke tarawa duk Juma'a ne ke riƙe da shi. A ce wa waɗannan mutane su ƙara ƙoƙari, alhali akwai ma'aikatan sashen ruwa da tsafta da ke karɓar albashi duk wata da sunan wannan aiki, rainin hankali ne kawai.

Abin da ake bukata bai kai a kafa masa kwamiti ba. Kowace mazaɓa ta san adadin famfunanta da kwalbatocinta da azuzuwanta, mai rai da matacce, a rubuce, kansila ya sa hannu, dagaci ya sa hannu, a manna a ƙofar gidan dagaci. A ware wani kaso na kasafi wanda ba za a taɓa shi ba sai don gyara, kuma kada a yarda shugaba ya haƙa sabuwar rijiya a garin da ke da matacciya mai gyaruwa. A mayar da leburorin hanya kafin saukar damina. Sauran bayani na masu ilimin kasafi ne, su suka san yadda za su tsara shi.

Da taro ya watse, na tari kansilan mazaɓarmu yana shirin hawa babur, na ce masa: "Honarabul, idan injin wannan sabuwar ya tsaya, ko aka sace faifan hasken ranar, wa za mu kira?" Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce: "Haba Malam, ai sabuwa ce fil, ka bari mu ci moriyarta mana tukuna." Da zan koma gidan makoki na bi ta bakin makaranta. A gefen mataccen famfon akwai wani allo da tsatsa ta ci rabinsa, ya karkace ya kusa taɓa ƙasa, amma har yanzu ana iya karanta sunan shugaban da ya ƙaddamar da shi, da kalmomin da ke cewa an yi aikin ne domin kawo ƙarshen matsalar ruwa a garin.