Furannin gefen titi ba datti ba ne, jama'a

Makon jiya, washegarin ruwan nan mai ƙarfi, na bi Titin Gwarzo a Adaidaita Sahu ni da 'yata. Mun wuce Kabuga kenan ta taɓo ni: "Baba, wa ya shuka waccan fulawar?" Na leƙa. Duman kada ne ya malale bakin kwalbati, furanninsa sun buɗe kamar bakin algaita, ruwa bai gama bushewa a kansu ba. Gefensa tafasa ce da ɗan furenta rawaya, malam-buɗe-littafi na ta shawagi. Na ce mata babu wanda ya shuka, Allah ne ya fito da abinsa.

Yau na sake bi ta wurin. An yi feshin maganin ciyawa, komai ya ƙone ƙurmus. Ledojin da robobin ruwa kuwa suna nan yadda suke, ba wanda ya taɓa su.

Wallahi abin ya ci min rai. Mu ne za mu kashe kuɗi a dasa fulawar waje a shataletale, a yi ta bin ta da tankar ruwa, zafin Afrilu na zuwa ta mutu. Ga tumfafiya can, hunturu da bazara duk ta shanye su ba mai ba ta ko ɗigo, kuma ta yi furenta fari mai ɗishi-ɗishin shuni. Da ruwanta Fulani ke haɗa cuku. Tafasar da muke fesa wa guba, kwaɗonta da ƙuli-ƙuli ya rufa wa gidaje da yawa asiri a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Karkashi, lalo, gasaya, duk 'yan gida ne. (Ba na cewa a tsinko na bakin kwalta a ci, hayaƙin mota ya gama da shi. Amma zuma da sauran ƙwari suna da haƙƙi a wurin.)

Na san za a ce macizai da sauro. Gaskiya ne. To a sa lauje a sare inda ya toshe magudanar ruwa ko ya tare wa direba gani, sauran a ƙyale shi zuwa Oktoba ya zubar da iri. Wannan ma ai ya fi feshi arha.

Ita kuwa yarinyar, tun ranar ba ta bar ni na huta ba. Ɗazu ta tsinko min wani mai shuɗin fure a bayan gida, na kasa tuna sunansa, sai da na kira Hajiya a waya. Ko gama kwatancen ban yi ba ta ce, "Balasana ce, ɗan nan."