Tallafin da ya iso bayan masara ta yi goyo, na wa ne?

Duk shekara in damina ta kankama sai a ji an ƙaddamar da rabon taki mai rahusa, a jera tireloli, a ɗauki hoto. Ni kuwa ranar da buhun ya isa gona nake dubawa. Masara na son kamfa kamar mako 2 bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na 6. Takin da aka raba a tsakiyar Agusta, masara ta riga ta yi goyo, wallahi bai tsinana wa manomi komai ba. Kafin lokacin ya sayar da akuyar maiɗakinsa, ko ya ci bashin ba-da-kaka, wanda zai biya da hatsi a farashin da mai kuɗin ya yanka.

In ma ya iso, ku je mazaɓa ku gani. Buhu ɗaya a zazzage shi a kan tabarma, magidanta sun kewaye, ana auna musu da kwano. Takardun manyan kaso kuwa suna aljihun waɗanda rabonsu da fartanya tun suna yara, washegari takin na kasuwa a cikakken farashi.

An taɓa gwada hanyar da ta fi wannan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, an yi wa manoma rajista, saƙo ya shigo wayar mutum, ya je wurin dillali ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Tsarin yana da nasa matsalolin: ƙauyuka da yawa babu sabis, gwamnati kuma ta riƙe wa dillalai kuɗinsu. Amma ƙaramin manomi ya karɓi rabonsa da sunansa, ba da alfarmar kowa ba. Gyara yake buƙata, sai aka bar shi ya mutu.

Sai shirin bai wa manoma rancen noma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, Babban Banki ya zuba fiye da naira tiriliyan 1. Noman shinkafa ya bunƙasa, wannan ba na musu, har aka yi dalar buhunan shinkafa a Abuja a Janairun 2022. To amma bashi ne, ba kyauta ba, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Akwai waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye musu gonaki, waɗannan uzurinsu a fili yake. Akwai kuma manoman bogi da suka shiga jerin suna suka kwashi rabonsu. Yau manomin gaskiya ne ke ɗauke da baƙin jinin, ana cewa manoma ba sa biyan bashi. Abin nan yana ci mini rai.

Makiyayi kuwa da wuya ka ji an ambace shi in ana rabon. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, yau burtali da yawa sun zama gonaki da filaye. An kawo shirin RUGA na tsugunar da makiyaya a 2019, aka dakatar tun ba a je ko'ina ba. A 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, kuma na yi murna. Buƙatar mai shanu ba ɓoyayya ba ce: mashaya a rani, allurar ciwon huhu kafin cuta ta shiga garke, dusa da harawa da sauƙi a watannin Maris da Afrilu lokacin da saniya ke tashi da ƙyar, sai burtalin da zai bi ba tare da ya taɓa amfanin wani ba. Wanda ya gyara burtali ya taimaki manomi ma, domin yawancin rigimar daga ɓarna take farawa.

Don haka ga roƙona ga gwamnoninmu da 'yan majalisa. A gama sayen taki tun Maris, ya kasance a rumbunan ƙananan hukumomi kafin ruwan farko. A liƙa sunayen masu karɓa a ƙofar gidan dagaci, kowa ya karanta, wanda ba shi da gona mutanen garin su nuna shi. Kuɗin allurar dabbobi da gyaran mashaya kuma a ware su daban a kasafi, a faɗi garuruwan da za a yi aikin.