Concorde ya yi ritaya, ni kuwa har yau sai na kwana biyu kafin in ga Damagaram

Duk wanda ya saba tashi daga filin jirgin Charles de Gaulle na Paris ya san jirgin Concorde. Yana nan gefen hanya a kan ƙafafun ƙarfe, fari fat, hanci a sama kamar yanzu zai tashi, alhali shekaru ke nan ko motsi bai yi ba. Duk ranar da zan tafi gida sai na saci kallonsa, sannan in ja akwatunan tsarabata in shiga layi. Ina son jirgin nan, ba zan ɓoye ba. Amma so bai hana faɗin gaskiya.

Ingila da Faransa ne suka haɗa kuɗi da kai a 1962 suka ƙera shi. Ya fara tashi a Toulouse ranar 2 ga Maris 1969, ya fara ɗaukar fasinja ranar 21 ga Janairu 1976, ɗaya daga Landan zuwa Bahrain, ɗaya daga Paris zuwa Rio, da yada zango a Dakar. Gudunsa ya ninka gudun sauti, kilomita sama da 2,100 a awa ɗaya, yana tafiya a nisan kilomita 18 daga ƙasa. Zafin gogayya da iska kan sa jikinsa ya ƙara tsawo da kusan taƙi guda, in ya sauka ya huce ya koma yadda yake. Landan zuwa New York awa uku da rabi, kuma da yake tsakanin garuruwan akwai bambancin awa biyar, mutum kan isa agogo bai kai lokacin da ya taso ba. Wanda ya tashi da almuru ya nufi yamma kan ga rana ta sake ɓullowa, daga yamma kuwa. Da na ba wani dattijo labari a masallacinmu, sai ya yi salati, ya ce to mai azumin da ya riga ya sha ruwa fa? Muka yi ta musu har aka kira isha'i.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na gani a gidan tarihin jirage na Le Bourget, inda aka ajiye Concorde na farko, mai lamba 001. Ranar 30 ga Yuni 1973 an yi husufin rana, aka huda rufin jirgin aka sa tagogi, masana taurari suka shiga da na'urorinsu. Ya tashi daga tsibiran Kanari ya bi inuwar wata a guje ta saman Muritaniya da Mali da Nijar, ya zauna cikin duhun har minti 74, abin da mai tsaye a ƙasa bai samu ko minti takwas ba. Ya sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. To ku tuna wace shekara ce 1973 a wajenmu. Shekarar fari ce, shanu na faɗuwa, mutanen arewa na gangarowa kudu da abin da ya rage musu. A sama ana tseren inuwa da jirgin da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba, a ƙasa ana neman tiyar hatsi. Na daɗe tsaye a gaban jirgin nan ina wannan lissafi.

Mutane da yawa na cewa hatsarin Gonesse, wani gari kusa da Paris, shi ne ya kashe Concorde. Ranar 25 ga Yuli 2000 tayarsa ta taka wani guntun ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi, ta fashe, tankin mai ya tsage, wuta ta kama, ya faɗa kan wani otal, mutum 113 suka rasu. Hatsarin ya girgiza shi, ba shakka, amma ya tarar da shi da ciwonsa. Jirgin da ya wuce gudun sauti yana jan wata irin tsawa a bayansa duk inda ya bi, ba sau ɗaya ba, kamar yadda kwalekwale ke jan igiyar ruwa. Amurka ta gwada abin a kan mutanen Oklahoma City a 1964, tsawa takwas kullum har wata shida, gilasai suka yi ta fashewa, ƙorafi ya yi yawa. A 1971 majalisarsu ta daina ba da kuɗin ƙera nasu jirgin, Boeing 2707, a 1973 aka hana irin wannan gudu a saman ƙasar. Sai teku kaɗai ya rage wa Concorde. A shekarar kuma farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, ga jirgi mai shan kusan lita 25,000 a awa don ɗaukar mutum ɗari kacal. Kamfanonin da suka yi alkawarin saye duk suka zame, in ban da Air France da British Airways. Guda 20 aka ƙera, 14 suka yi aiki, a 2003 aka tattara. Na Tarayyar Sobiyet, Tu-144, da ya riga shi tashi da wata biyu, ko shekara bai cika yana ɗaukar fasinja ba.

Jirgin da ya canza rayuwar irinmu ba shi da wannan kyan. Boeing 747 ne, ƙato mai tozo, wanda ya fara aiki a 1970, yana kwasar mutum wajen ɗari huɗu a tashi ɗaya. Shi da ire-irensa suka karya kuɗin kujera. Kakanninmu da ƙafa da jaki suke zuwa Makka, ta Chadi da Sudan, ana shekaru a hanya, wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can har gobe. Yau maniyyaci ya yi asuba a Kano ko Yamai, ya yi la'asar a Jidda. Ba gudun sauti ne ya kawo haka ba, araha ce da yawan kujeru. Ni kaina, da kuɗin jirgi bai sauko ba, da sai dai a riƙa aiko mini hoton bikin ƙannena.

Ga yadda tafiyata ta ƙarshe ta kasance. Awa uku a filin jirgi kafin tashi. Sauka a wata ƙasa, zaman jiran wani jirgin har wuyana ya ƙage a kan benci. Isa Yamai tsakar dare, akwati ɗaya bai zo ba, sai da na ƙara kwana. Sannan bas tun kafin kiran assalatu: Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, kusan kilomita 900, ga shingayen bincike, ga tsayawar salla da cin abinci. Ban shiga gida ba sai bayan isha'i. In ka haɗa awannin da na yi a sama, ba su kai rubu'in tafiyar ba. Ko da aljani ne ya ɗauko ni daga Paris ya dire a Yamai cikin ƙiftawar ido, hanyar Damagaram tana nan tana jirana. Abokan aikina a nan kuwa, jirgin ƙasa ke kai su Marseille cikin awa uku da 'yan mintoci, nisan da bai gaza nawa da yawa ba, kuma in ya makara da minti goma har fushi suke yi.

Yanzu maganar ta sake tasowa. Kamfanin Boom na Amurka ya gwada ƙaramin jirginsa XB-1, ya wuce gudun sauti a Janairun 2025, yana kuma alkawarin wani babba mai suna Overture da zai ɗauki mutum 64 zuwa 80. Kamfanonin sufurin jirage United da American sun sa sunansu a layin saye, kodayake Concorde ma ya ga irin wannan layi. Hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, na da jirgin gwaji X-59, mai dogon hanci siriri, wanda aka tsara don tsawarsa ta koma kamar an rufe ƙofar mota daga nesa. A Yunin 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin a janye haramcin 1973. Ina fatan su dace, don ilimi ba ya ɓata. Sai dai kujera tamanin ba ta talaka ba ce, ta masu sayen lokaci ce da kuɗin kamfani, kuma tsakanin New York da Landan da Tokyo za a yi ta zirga-zirga.

Damuwata ɗaya ce. In wata rana aka ce za a haɗa Turai da Legas ko Johannesburg da irin wannan jirgi, ba teku zai bi ba, Sahara zai ratsa, wadda a taswirar Bature fili ne da ba kowa. Mutanen Oklahoma sun sami ofishin kai ƙara, an kuma saurare su. Makiyayin da ke tsakanin Agadas da Tanut, wanda tsawa za ta watsa wa raƙuma ba hadari ba iska, ban ga wanda zai tambaye shi ba kafin a zana hanyar.